Girgizar ƙwaƙwalwa: neman sunan commotion cérébrale da Hausa

Ma'aikacin jinya: Salamu alaikum jama'a. In ɗan kabu-kabu ya faɗi a titin Maradi, ko aka kā da ɗan kokowa kansa ya daki ƙasa, sai ka ga an rubuta a WhatsApp: "Bai suma ba, lafiya lau." Wannan magana tana cutar da mutane. Abin da ake kira commotion cérébrale da Faransanci, concussion da Ingilishi, mafi yawan masu shi ba su suma ko kaɗan. Wane suna za mu ba shi?

Malamin Hausa: "Buguwar kai" ta yi faɗi, ko ƙulu a goshi buguwa ce. "Taɓin ƙwaƙwalwa" kuwa kar ma a soma, hauka mutane za su ji, iyaye su ɓoye yaro a ɗaki. Likita, me ke faruwa a ciki?

Likita: Malam, ɗauki curin fura cikin ƙwaryar nono, ka tsayar da ƙwaryar kwatsam. Curin zai daki gefe. Haka ƙwaƙwalwa take cikin ruwa a ƙoƙon kai. Aikinta ne ke rikicewa, shi ya sa sau da yawa hoton sikana bai nuna komai. Sai ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ƙin haske, mutum ya yi ta maimaita tambaya ɗaya. Wani sai bayan awoyi alamun ke fitowa.

Mai horar da 'yan ƙwallo: To, "jijjigar ƙwaƙwalwa" fa?

Likita: A'a, jijjiga sunan taune-taune ne a bakin iyaye mata, kuma ita alamar haɗari ce daban. Wanda ya yi jijjiga, ko amai a kai a kai, ko ciwon kai na ƙaruwa, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, asibiti nan take. In babu waɗannan, a duba shi dai, ya huta awa 24 zuwa 48, ya rage kallon waya. Parasitamol kaɗai, ban da asfirin, don tana hana jini daskarewa. Ranar nan ba komawa fili, ba hawan babur. Bugu na biyu kafin a warke ya fi muni.

Malamin Hausa: Ke nan "girgizar ƙwaƙwalwa" ta zauna. Tana kuma shiga magana: "Bai suma ba, amma ƙwaƙwalwarsa ta girgizu, a kai shi a duba."