Taƙaitawa: Fina-finan Tarihin Ƙwallo da Kewar Zamanin Da

Ga abin da na tattara daga wata doguwar tattaunawa kan yadda ya kamata a shirya fina-finan tarihin ƙwallon ƙafa masu tayar da kewar zamanin da.

1. Kusan kowa ya yarda cewa sauti ne ke tayar da kewa. Muryar mai sharhi ta asali da ihun 'yan kallo sun fi kiɗan da ake ɗorawa daga baya. Idan kiɗa ya danne ihun fili, sai cin ƙwallo ya koma kamar talla.

2. Tsohon bidiyon talabijin a girman 4:3 yake, wato faɗinsa bai fi tsayinsa sosai ba. Kada a miƙe shi ya cika faffaɗan allon zamani na 16:9, domin 'yan wasa za su yi faɗi, ƙwallo ta zama kamar ƙwai. Yanke sama da ƙasa kuma yakan cinye allon maki. Gara a bar gefe biyu baƙi.

3. A nemi izinin hotunan wasa tun kafin a fara tacewa. Masu shirya gasa ko gidan talabijin ne ke da su, kuma kuɗin yana ƙaruwa da tsawon abin da aka ɗauka.

4. Nan aka rabu: shigar da kyamara ɗakin sauya kaya. Wasu sun ce hakan ne ke jawo sababbin magoya baya daga nesa. Wasu kuma sun ce kulob ɗin da ya buɗe ƙofa ba zai so a nuna ɓarakarsa ba. Ni ina tare da na biyun.

5. Kada kewa ta goge gaskiya. Wanda zai nuna wasan Ajantina da Ingila na 1986, to ya nuna ƙwallon da Maradona ya ci da hannu tare da wadda ya ci bayan mintuna huɗu.