Wane suna za mu ba iccen da ke fitar da lubban?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ana buƙatar Hausar kalmar frankincense tree, wato Boswellia sacra, iccen da ke fitowa a duwatsun Oman da Yaman da arewacin Somaliya. Wasu sun ce a rubuta hano kawai. Ya halatta?

Malamin gandun daji: Wa alaikumus salam. Hano ɗan uwansa ne, amma ba shi ba ne. Hanon da muka sani a tuddan ƙasar Hausa shi ne Boswellia dalzielii, yana kai mita 13, ɓawonsa na salewa kamar takarda, yana fure fari da rani bayan ya zubar da ganye. Na Oman gajere ne, mita 2 zuwa 8, sau da yawa yana rabuwa tun daga gindi, kuma in ya fito kan fa sai gindin ya kumbura ya manne da dutsen. Akwai wasu 'yan uwansu, Boswellia papyrifera a Habasha da Sudan, da Boswellia serrata a Indiya. In aka kira su duka hano, mai karatu zai ɗauka ɓawon da masu magani ke saidawa a Tsohuwar Kasuwa shi ne ake fitarwa daga Zufar, yankin kudancin Oman.

Hajiya mai turaren wuta: Malam, mu nan Sakkwato ba mu da matsala da sunan ƙaron. Lubban muke ce mishi, kowa ya san shi. Kada dai a haɗa shi da jawul ko ƙaron maje, ƙamshinsu daban, kuɗinsu daban. Mai shakka ya jiƙa ƙwara biyu cikin ruwa ya kwana: lubban zai mai da ruwan fari kamar madara, ya bar saura a ƙasa. Ƙaron dakwara kuwa narkewa yake ƙaf, a wuta kuma ƙauri yake yi. Shi ma lubban in aka jefa shi kan jan garwashi ƙonewa yake, sai an bari toka ta rufe garwashin.

Ɗalibi: To me zai hana a ce hanon Larabawa?

Malamin gandun daji: Somaliyawa ba za su yarda ba, mai yawa daga wajensu yake fitowa. Ni na fi son iccen lubban. Boswellia gaba ɗaya a ce dangin hano.

Abin da ya fi wuya shi ne sunan aikin fitar da ƙaron daga iccen. Ba sara ba ne, ba sassaƙa ba. Da 'yar wuƙa mai faɗin baki ake kankare ɓawon, wuri kaɗan, ba a kai ga naman iccen. Farin ruwa ya tsattsafo, a bar shi kamar mako biyu ya daskare. Na farko ba shi da daraja. A kankare shi, a sake buɗe wurin, a ɗan faɗaɗa, na baya ya fi kyau da yawa. Sannan a shanya a inuwa, a tsince bisa launi da girma. Icce ba ya fara bayarwa sai ya kai shekara 8 zuwa 10.

Inda ake ɓarna: zurfafa wuƙa, yawaita raunuka, da hana icce hutu. Ƙwaro mai huda icce ta raunin yake shiga. A Eritriya an ga 'ya'yan iccen da aka matsa wa kusan kashi 16 cikin 100 ke tsirowa in an shuka, na wanda ba a taɓa ba sun haura kashi 80. Ga gobarar daji, ga awaki na cinye ƙananan.

Dattijo: Yaro, wanga aiki tsaga ne. Wanzami ma fata kawai yake tsagawa, ba ya kai ga nama. A ce tsagar lubban.

Ɗalibi: Baba, tatsa fa?

Dattijo: Ba a matsa shi, da kansa yake fitowa. Bar tatsa ga saniya.

Mai fassara: Allah shi saka. Na rubuta: lubban ga ƙaron, iccen lubban ga Boswellia sacra, hano ga namu, dangin hano ga jinsin, tsaga ga aikin. Masu rubutu da Kananci su sa itacen lubban. Saura sunan 'yar wuƙar, Hajiya ko a tambayo mana maƙera.