Wa ya taɓa ganin ruɓaɓɓen taki ya kare masa tumatir daga ciwo?

Ɗan Dakace:
Salamu alaikum, masu noman rani. Bara a fadamar Galma irin tumatir ɗina ya ƙare tun a wajen reno. Ya tsiro lafiya, bayan kamar kwana goma sai gindin ya yi baƙi, ya sirance kamar zare, ya kwanta. Bana na gauraya ƙasar da takin da ya yi wata huɗu a rami, kashin shanu da ɓawon gyaɗa da ɗan toka, kuma ƙalilan ne suka kwanta. Takin ne ko sa'a? Wanda ya gwada ya ba mu labari.

Malamin gona, Samaru:
Wa'alaikumus salam. Ba sa'a ce kaɗai ba. Abin da ke kwantar da tsiro ƙwayoyin cuta ne na cikin ƙasa, irin su Pythium da Rhizoctonia, kuma suna son inda ruwa ya yi yawa. Takin da ya nuna cike yake da bakteriya masu amfani: Bacillus, Pseudomonas, Streptomyces. Suna mamaye jikin saiwa, su riga cutar cin abinci, wasu ma har sinadari suke fitarwa mai hana ta yaɗuwa. Lokacin da nake ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello na ga wannan da idona a faranti ɗin gwaji: funfuna ta taho fara fat kamar auduga, tana zuwa kusa da inda muka ɗiga Bacillus sai ta ja burki, ta bar fili tsakani. Har yau ban manta ba. Ku sunsuna takinku. In yana ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya dake, aikin Streptomyces ne, ya nuna.

Maman Yusra, Tudun Wada:
Malam, ni kam ɗanyen kashin kaji na zuba wa attaruguna a buhu, cikin kwana uku ganyen ya ƙone ƙurmus, na yi ta kuka da asarar. Yanzu sai na tara shi da busasshen ganye, ina yayyafa ruwa ina juyawa. In na tura hannu ciki na ji zafi kamar tukunya, na san yana aiki.

Malamin gona, Samaru:
Haka ne Hajiya. Tsakiyar tulin kan kai digiri 55 zuwa 65, yana kashe irin ciyawa da cututtuka da dama, Bacillus kuwa yana jure wannan zafi.

Baba na Shika:
Yaro, ka ji daɗin abin da ka samu, amma kada ka ɗora wa taki komai. Na yi tumatir na damina, taki kuwa na zuba ba ƙwauro, sai ya riƙa yaushi da rana ganyensa shar. Na yanke kara na tsoma a kofin ruwa, wani farin abu ya riƙa saukowa kamar madara. Aka ce min cutar bakteriya ce mai suna Ralstonia, tana daɗewa a ƙasa. Sai da na mayar da wurin masara. Ita ma Tuta da ta cinye mana tumatir a 2016 ƙwaro ce, taki bai hana ta ba.

Ɗan Dakace:
Na gode Baba. To tumatir da ya mutu da irin wannan yaushi, in jefa shi a ramin taki?

Baba na Shika:
A'a! Tuge shi da saiwarsa, ka kai can nesa da fangali ka ƙone.