Shin haɗin gwiwa na koya wa ƙasa ƙera injin jirgin yaƙi?

Maganar da aka ɗora a zauren masu harkar injuna na Katsina da Daura: "Duk ƙasar da ta haɗa gwiwa da manyan kamfanoni, ƙarshenta za ta iya ƙera injin jirgin yaƙi da kanta."

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Ban yarda ba. Lasisi haɗa inji yake koyarwa. Asirin yana ɓangaren zafi, wato ɗakin ƙona mai da fuka-fukan tabayin da ke bayansa (tabayin shi ne farfelar da iska mai zafi ke juyawa). Iskar da ke dukan fuka-fukan nan takan wuce digiri 1,500, alhali ƙarfen nikel ɗin da aka yi su da shi yana fara narkewa tun wajen 1,350. Abu uku ke hana shi narkewa: ramuka a cikinsa da iska mai ɗan sanyi daga kwamfuresa (sashen gaba mai matse iska) ke bi, ƙananan hudoji da ake yi da leza don iskar ta fito ta lulluɓe shi, sai shafen zakoniya, wani nau'in tangaran mai tare zafi, a bayansa. Wannan ne kamfanoni suka fi ɓoyewa.

Malama, Daura: Injiniya, to injin EJ200 na jirgin Typhoon fa? A 1986 Rolls-Royce na Ingila, MTU na Jamus, Fiat Avio na Italiya da wakilin Sifen suka kafa kamfanin Eurojet don ƙera shi, aka raba aikin kashi-kashi. Sifen ba ta da wani tarihi a wannan fanni, ga shi yau kamfaninta ITP na ƙera tabayin. In wannan ba koyo ba ne, mene ne?

Injiniya, Ƙofar Ƙaura: Malama, Sifen ta zuba kuɗi tun ana zanen injin, kuma duk 'yan ƙawance ɗaya ne. Har yau ITP ba ta fitar da cikakken injin jirgin yaƙi ita kaɗai ba.

Baba tsohon makanikin jirgi, Layout: Ku dubi Indiya. Sun daɗe suna haɗa injunan Rasha da lasisi, amma nasu injin, Kaveri, da suka soma a shekarun 1980 ya yi nauyi, bai kuma kai ƙarfin turin da ake so ba. A 2008 aka raba shi da jirgin Tejas, wanda ke tashi da injin F404 na kamfanin GE na Amurka. Sun yi odar injin F404 guda 99 a 2021, na farko bai iso ba sai 2025, jirage suka yi ta jira a masana'anta.

Malamin ƙarafa, Ƙofar Soro: Ranka ya daɗe, ga dalilin. Fiffiken ana zuba shi ne ya zamto ƙwayar ƙarfe guda, babu gaɓa. Ana yin siffarsa da kaki a kan ƙashin yumɓu, a tsoma shi a ruwan yumɓu sau da yawa, a narkar da kakin, a zuba ƙarfe cikin tanderun da aka zuƙe wa iska. Sannan a riƙa janyo shi daga zafi a hankali, milimita kaɗan a minti, ta wata murɗaɗɗiyar hanya da ke barin ƙwaya ɗaya tak ta haura. In aka yi gaggawa, wata ƙwayar ta tsiro a gefe, kuma ta gaɓar nan ƙarfen zai riƙa miƙewa cikin zafi har ya tsage. Ana sa masa wani ƙarfe mai jure zafi, riniyom, kamar kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari. Za a iya ba ka zane, amma sanin abin da ya lalata zubin jiya sai wanda ya yi ta zubawa yana zubarwa.

Malama, Daura: Na ji, amma Sin ta kai ga ƙera nata injin. Lasisin injin Spey ta saya a Ingila a 1975.

Malamin ƙarafa, Ƙofar Soro: Ta kai, bayan ta soma nata injin WS-10 a 1987 kuma jirginta J-10 ya shafe shekaru da injin AL-31 na Rasha. Kuɗinta da gwajinta ne suka kai ta. Turkiyya ma, kamfanin injunanta TEI na aiki da GE tun 1985, duk da haka jirginta KAAN da injin F110 na GE ya tashi a 2024.

Malama, Daura: Amma ba don TEI ɗin ba, da wa zai soma masu nasu injin yanzu? A nan nake tsaye: haɗin gwiwa na rage tafiya.

Baba tsohon makanikin jirgi, Layout: 'Yata, yana ragewa ga wanda ya san abin da zai rubuta a kwangila. Mu a Najeriya, injin jiragenmu na Alpha Jet Larzac ne, JF-17 uku na 2021 RD-93 na Rasha, M-346 da aka yi oda kuwa F124 na Honeywell. Kowanne da kayan aikinsa daban. Abin da za mu nema shi ne iznin yin babban gyara a gida, ɗakin gwajin inji, littattafan gyara cikakku, da horar da ɗaliban AFIT, cibiyar fasaha ta sojan sama, a Kaduna. Ƙurar hunturunmu kuma a sa ta a lissafi: tana cinye bakin fuka-fukan kwamfuresa, ta narke a ɓangaren zafi ta toshe hudojin sanyaya. Don haka a matso da lokacin leƙa cikin inji da kyamarar bututu, kada a tsaya kan awannin da aka tsara don sararin Turai.