Ƙungiyarmu ta injiniyoyi a Tawa ta koma ta suna da ta'aziyya: me za mu sa a tsarin shekara?

Ɗan Adar:

Assalamu alaikum manyanmu. Muna da ƙaramar ƙungiya ta injiniyoyi da masu aikin fasaha a nan Tawa, mutum 40 da ɗoriya a rubuce: ƴan gini da hanya, ƴan ruwa, ƴan lantarki. Ranar taron wata da ƙyar mutum 9 ke zuwa, kuɗin wata ba ya shiga, abin da ya rage yana tafiya shi ne gudummawar suna da gaisuwar mutuwa. Wannan ma alheri ne, amma ba don shi kaɗai aka kafa ta ba. An ce a kawo tsarin ayyuka na shekara wanda zai ƙara wa mutane sani na gaske, kuma asusu ba shi da nauyi. Da me ake farawa, sau nawa a shekara, kuma yaya ake yi har takardar shaidar halarta ta zama abin da mai ɗaukar aiki zai duba da daraja?

Tsohon Shantiye (Yamai):

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka fitar da taron daga ɗaki. Mutumin da ya wuni a rana ba zai zo da yamma ya zauna kan kujerar roba a karanta mishi abin da ya bari a aji ba. Ka kai shi inda ake zuba kankare, ka sa mishi awo a hannu, zai zo har da abokinsa.

Zama na farko ku yi shi kan kankare, don shi ne ya haɗa kowa: mai ruwa yana zuba gindin tanki, mai lantarki yana zuba gindin turke. Ku nemi ɗan ƙungiya da ke da aiki a hannu, ya nemi izinin mai gini, ku je ranar Asabar da ƙarfe 7 na safe kafin rana ta ɗaga. Kayan da ake bukata ba su da yawa: mazurarin Abrams (na awon laushin kwaɓi) ɗaya da sandarsa, mazubin gwaji mai faɗin santimita 16 da tsawon 32 guda 6, bokitin da aka san litarsa, mita, da kwalba mai haske.

Ku fara da lissafin da kowa ya haddace amma ba kowa ke bi ba. Kankare na kilo 350 a mita kubik buhu 7 ne na siminti mai kilo 50, da yashi wajen lita 400, tsakuwa wajen lita 800, ruwa wajen lita 175. In aka mayar da shi kan buhu ɗaya: baro ɗaya na yashi, baro biyu na tsakuwa, ruwa lita 25, in baron na lita 60 ne. To ku auna baron da ke wurin da bokiti a gaban kowa. Sau da yawa za ku tarar ana cika shi har ya yi tozo, yashin ya kai lita 80, kankaren da aka rubuta 350 a takarda ya sauka ƙasa da haka ba tare da an saci buhu ko ɗaya ba.

Sai ku yi kwaɓi biyu. Na farko da ruwa lita 25. Na biyu ku bar magini ya ƙara ruwa yadda ya saba, har ya ce ya yi mishi daɗin zubi. Kowanne ku gwada shi a mazurari: tsawonsa santimita 30, ana cika shi hawa uku, kowane hawa a soke shi da sanda sau 25, a shafe bakin, a ɗaga a miƙe ba tare da karkatawa ba, a auna yadda ya zauna. Na ginshiƙi da dal (shimfiɗar kankare) ɗin gida, santimita 6 zuwa 10 ya isa. Na magini zai wuce 18, wani lokaci ya baje kamar kunu. Kowane kwaɓi ku cika mazubi 3, ku rubuta kwanan wata a jiki, ku rufe su a inuwa, bayan awa 24 a cire a nutsa cikin ruwa. A kwana 28 a fasa su a injin matsi na ɗakin gwaji, ko LNTPB (ɗakin gwajin gini da hanyoyi na ƙasa) a Yamai ko wani da ke kusa da ku mai injin da aka daidaita. Fuskar mazubin santimita murabba'i 200 ce, don haka kankaren MPa 25 (MPa shi ne awon ƙarfin jure matsi) sai ya ɗauki wajen tan 50 kafin ya fashe. Ranar da aka kawo sakamakon biyun aka ajiye gefe da gefe, ba sai ka sake yi wa kowa wa'azi kan ruwa ba.

Kwalbar kuwa ta yashi ce. Ku zuba yashi zuwa rabi, ku cika da ruwa, ku girgiza, ku ajiye. Yashi zai kwanta nan take, laka ta biyo baya ta zauna a sama. Yashin ƙorama da aka kwaso bayan ruwan sama yakan zo da laka mai kauri, kuma laka tana shan ruwan kwaɓi tana hana siminti kama tsakuwa. Wannan gwajin ido ne kawai, ba ya maye gurbin na ɗakin gwaji, amma yana hana a sauke tifa guda ta banza.

Abu na ƙarshe da za ku duba kafin ku watse: tazarar rodi da katako. In babu ƴan ƙananan dutsen siminti da ke riƙe santimita 3 tsakaninsu, rodin zai kwanta a jikin katako, bayan ƴan shekaru tsatsa ta kumbura shi ta fasa kankaren daga ciki. Da shayarwa: a zafin Afrilu da Mayu, dal ɗin da ba a rufe da buhunan jiƙaƙƙu aka shayar da shi kwana 7 ba, zai tsattsage tun ranar farko.

Irin wannan zama huɗu a shekara sun fi taron wata goma sha biyu. Na biyu ku yi shi kan daɓen jar ƙasa ta hanya, gwajin Proctor (na iyakar matsuwar ƙasa) da gwajin yashi a rami (na matsuwar daɓen da aka yi), a ga me ake nufi da daɓe ya kai kashi 95 cikin 100 na Proctor.

Mai Famfon Rana (Tawa):

Baba ya gama magana kan gini. Ni dai zan ce kar ƴan kankare su cinye shekarar duka, don ƴan ruwa da lantarki za su janye jiki. A yankinmu aikin da ya fi yawa a hannun matasa yanzu shi ne famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, kuma shi ne aka fi yi da ka.

Zama ɗaya a bakin rijiya, kowa da biro da takarda. A ba su bayanan gwajin ja: zurfin ruwa a kwance, zurfinsa in ana ja, da yawan da rijiyar ke iya bayarwa a awa. Nan ne kuskure na farko yake. Ana zaɓen famfo da zurfin ruwa a kwance, alhali in aka fara ja ruwan na iya sauka mita da yawa, famfo ya sha iska ya ƙone. A Adar ruwa yana da nisa a wurare da dama, kuskuren mita 20 ba wasa ba ne. Tsayin da za a lissafa shi ne zurfin ruwa lokacin ja, da tsayin tanki, da asarar cikin bututu.

Misali a yi shi tare: mita kubik 5 a awa, tsayi duka mita 120. A ninka 5 da 120 da 2,725 (biyu da ɗigo 725, lambar da ke mayar da lissafin zuwa wat), ya ba da wat 1635 na ɗaga ruwan kawai. Famfo da motarsa (injin da ke juya shi) in suna ba da kashi 55 cikin 100, ana bukatar wajen kilowat 3. Farantin hasken rana kuma ba ya ba da abin da aka rubuta a bayansa, don an auna shi ne a digiri 25. Da tsakar rana a nan jikinsa yana kai digiri 65, kowane digiri yana cin wajen kashi 0,35 cikin 100, ka ga kashi 14 sun tafi kafin a yi maganar ƙurar hunturu. Shi ya sa ake sa kilowat 4 ko fiye. A fuskantar da su kudu, a karkata wajen digiri 15.

Kuskure na biyu kishiyar wannan ne. Da sanyin safiyar Janairu ƙarfin bolt na faranti yana hawa sama da abin da ke rubuce da kashi 3 zuwa 4. Wanda ya jera faranti 16 masu bolt 50 a layi ɗaya kan akwatin sarrafa famfo da iyakarsa bolt 800, ranar sanyi zai wuce iyaka. Ku zo da mitar awon wuta, kowa ya auna da hannunsa da safe, ya sake aunawa da azahar. A duba kuma ko an sa na'urar tsayar da famfo in ruwa ya ƙare, da sandar ƙasa, da kaurin waya, don waya siririya a rami mai zurfi tana cin wutar kafin ta isa mota.

Ziyara kuwa ba sai kun je nesa ba. Malbaza na da masana'antar siminti da tashar hasken rana ta megawat 7 da aka buɗe a 2018, rana ɗaya ta isa a ga biyun in an bi ta Tsarnawa da sassafe. Keita na da madatsun ruwa da jerin duwatsu na aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984, wurin da za a ga wanda ya tsaya da wanda ruwa ya ci ta gefe, a tattauna dalili. A rubuta takardar neman izini wata ɗaya kafin ranar, da sunayen masu zuwa, kar su wuce 20, kowa da hular kwano da takalmin aiki. A sanar da hukuma tafiyar. Kuma kar a sa ziyarar Keita a Agusta, ƙoramu na yanke hanya.

Hajiya Mai Lissafi (Yamai):

Ɗana, maganar takardar shaida ba a taɓa ta ba. Takardar da aka rubuta "ya halarci horo" kawai ba ta da nauyi, kowa ya san ana raba ta har ga wanda ya zo lokacin cin abinci. Ku rubuta a jikinta abin da aka yi, awa nawa, ranar, wurin, da wanda ya koyar da matsayinsa. Ku ba kowace lamba, lambar ta kasance a babban littafi da ke hannun magatakarda, yadda in kamfani ya kira ya tambaya za a buɗe a tabbatar. A sa hannu a takardar halarta sau biyu, da farko da ƙarshe. Kuma kar a ba wanda bai kawo rahoton shafi ɗaya ba: me aka auna, me aka samu, me zai canza a aikinsa. Rahotannin nan ku tara su, bayan shekara biyu kuna da bayanin yashi da tsakuwa da rijiyoyin yankinku wanda babu shi a littafin makaranta.

Ban yarda da Baba ba kan a bar ɗaki gaba ɗaya. Matasa da yawa sun iya aikin amma takardar neman kwangila ce ke kayar da su: lissafin yawan kaya, farashin kowane aiki dalla-dalla, takardun haraji da suka ƙare wa'adi, farashin da aka rubuta da lamba ya saɓa da wanda aka rubuta da harafi. Wannan zaman tebur ne, awa 3, da tsohuwar takardar kwangila da aka goge sunaye, kowa ya cika a gyara mishi da jan biro. Ku sa shi a damina lokacin da fita ke da wuya.

Kuɗi: ku raba asusun zumunci da na horo, in ba haka ba suna uku a wata ɗaya za su cinye kuɗin fasa mazubi. Jaka ɗaya a wata ta fi jaka biyar da ba a biya. Wanda ba ɗan ƙungiya ba ya biya kuɗin zama, ɗalibi ya shiga kyauta. Sa hannu biyu kan kowane fitar kuɗi, a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata uku. In ƙungiyar ba ta da takardar amincewar hukuma da dokokinta a rubuce, ku fara da wannan, don babu masana'antar da za ta amsa wasiƙar ƙungiyar da ba ta da hatimi.

Ɗalibai masu karatun fasaha ku jawo su tun yanzu. Kowane babba ya ɗauki biyu, ya duba musu rahoton ƙarshen karatu, ya nema musu wurin koyon aiki. Su ne za su ɗauki mazubi su rubuta awo ranar Asabar. A kuma sa lokacin da mata za su iya zuwa: safiya, a tashi kafin azahar, ba bayan magariba ba.

Tsohon Shantiye (Yamai):

Hajiya ta yi gaskiya, na karɓi gyara kan zaman tebur. Ƙari ɗaya, ƙanena: ku gayyaci magina da masu ɗaurin rodi biyu ko uku kowane zama, ku zaunar da su a gaba, a yi bayanin da Hausa. Hannunsu ne ke kan bokitin ruwa, ba naka ba. Kuma in sakamakon gwaji ya fito da rauni, kar a ambaci sunan mai aikin a rahoto ko a WhatsApp, a rubuta "kwaɓi na 1" da "kwaɓi na 2". In aka kunyata mutum ɗaya, babu wanda zai sake buɗe muku ƙofar aikinsa.

Ɗan Adar:

Na gode Baba, na gode Hajiya, na gode yayana. Ga yadda zan kai wa kwamiti: kankare a Nuwamba, famfon rana a Janairu don a kama sanyin safiya, Malbaza a Fabrairu, daɓen hanya kafin zafi ya tsananta, takardun kwangila a Agusta, a kauce wa watan azumi. Saura tambaya ɗaya, Baba: mazuban da za a kai Yamai, tafiyar fiye da kilomita 500 a mota ba za ta ɓata sakamakon ba?

Tsohon Shantiye (Yamai):

Ba za ta ɓata ba in an bi a hankali. Kar ku ɗauke su suna ɗanye, ku bar su cikin ruwa har kwana 24 ko 25. Sannan a naɗe kowanne da jiƙaƙƙen buhu, a sa a leda, a jera su tsaye cikin akwatin katako da jiƙaƙƙen yashi ko dussar katako a tsakani, kar ɗaya ya taɓa ɗaya, kar a ɗora su a saman mota cikin rana. Suna isa a mayar da su ruwa. Ka kira ɗakin gwajin tun kafin ku zuba, ka lissafa kwana 28 ɗin ya faɗo ranar aiki: wanda aka zuba ranar Asabar, ranar Asabar zai cika, don haka ko ku zuba mazuban ranar Alhamis, ko ku nemi a rubuta ainihin kwanakin a takardar sakamako.