Littafin ƙarfafa gwiwa a zumuntar mata: mu karanta ko mu mayar wa mai shi?

Maman Zumunta, Garwa

Salama a gare ku 'yan'uwa. An kawo wa zumuntar matanmu wani littafi daga Yola, irin na ƙarfafa gwiwa da fastoci ke rubutawa da Turanci. Babi goma sha biyu ne: gane abin da Allah ya halicce ka dominsa, rubuta burinka a takarda, furta alheri da bakinka kowace safiya, tattalin kuɗi, shuka iri (wato ba da kuɗi da fatan Allah ya ninka maka), da sauransu. Wasu mata na so mu ajiye nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba har wata uku mu bi shi babi babi, ana fassarawa da Hausa da Fillanci. Wasu kuma sun ce bisharar wadata ce, wato koyarwar cewa bangaskiya da bayarwa na jawo dukiya da lafiya, aka yi wa kwalliya. Da me ake auna irin wannan littafi, kuma ina amfaninsa yake, ina haɗarinsa?

Malamin Baibul, Marwa

Mama, ma'aunin yana hannunki. Ki samu takarda ki rubuta kowace aya da marubucin ya kawo a babi uku na farko, sannan ki buɗe Littafi Mai Tsarki ki karanta aya biyar kafin ta da biyar bayanta. Tambaya biyu kawai za ki yi: wa ake yi wa maganar, kuma a wane hali yake? Aikin yamma ɗaya ne. Haka mutanen Biriya suka yi wa wa'azin Bulus kansa a Ayyukan Manzanni 17:11, aka kuma yaba musu, balle littafin wani.

Kusan ayoyi ɗaya ne ke yawo a irin waɗannan littattafai. Irmiya 29:11 ita ce uwarsu, inda Ubangiji ya ce yana da shiri na alheri. Gaskiya ne, amma wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta a Babila, kuma aya ta 10 ta ce sai shekara saba'in ta cika. Yawancin waɗanda suka ji wasiƙar a can suka mutu. Ayar tana koyar da haƙuri mai tsawo, littafin kuma sai ya mai da ita alkawarin buɗi kafin ƙarshen shekara.

Filibiyawa 4:13 ma haka. Bulus yana tsare ya rubuta ta, kuma a aya ta 11 da ta 12 ya bayyana abin da yake nufi da iya yin kome: ya iya zama da ƙoshi, ya iya zama da yunwa. Habakuk 2:2, wadda ake kafa babin rubuta buri a kanta, wahayi ne Allah ya ba annabi a zamanin da Kaldiyawa ke tahowa, ba jerin abin da mutum ke so ya mallaka ba. Karin Magana 23:7 kuwa, da ake cewa yadda mutum ke tunani haka yake, ki karanta daga aya ta 6 ki ga abin dariya: maganar marowaci ce da ke ce maka ci ka sha, alhali zuciyarsa na lissafin loma. 3 Yohanna aya ta 2 gaisuwar wasiƙa ce zuwa ga Gayus, kamar mu ce muna fata kana lafiya.

In cikin aya goma kika tarar an fizge bakwai daga mazauninsu, marubucin ba malamin Nassi ba ne, kome daɗin bakinsa. Shawararsa ta zaman duniya na iya zama mai kyau duk da haka, amma kada a ɗora ta a gurbin nazarin Laraba.

Ma'ajin Ikilisiya, Garwa

Malam ya yi gaskiya, sai dai kada a zubar da tsaba tare da dusa. Akwai abin da waɗannan littattafai suka iya wanda wa'azin Lahadi bai cika taɓawa ba. Suna sa mutum ya zauna da biro ya yi lissafi. Mai tuya ƙosai ko mai sayar da manja a kasuwa sau da yawa ba ta raba uwar kuɗi da riba. Daga gwangwani ɗaya ake sayen wake, daga nan ake cefane, daga nan ake zubin adashi, sai wata uku jarin ya narke ba a san inda ya bi ba. Babin tattali yakan gyara wannan, kuma yana da tushe: Luka 14:28 kan mai ginin da ya fara zama ya ƙidaya abin da zai kashe, Karin Magana 6:6-8 kan tururuwa, 22:7 kan mai cin bashi da ke zama bawan mai ba shi.

Amma sai kun sauya misalan. Marubucin yana tunanin mai albashin wata da asusun banki. Mai noman auduga ko masakwa kuɗinsa sau ɗaya ko biyu yake shigowa a shekara, don haka shawarar ware kashi goma kowane wata ba ta hau kansa. Abin da ya hau shi ne raba kuɗin kaka tun ranar da suka shigo: hatsin da zai kai gida har Agusta, kuɗin makarantar yara na Satumba, taki da iri, sannan ɗan abin asibiti da ba a taɓawa. Ga 'yar kasuwa, littafin rubutu ɗaya mai layi uku ya isa: abin da ta saro, abin da ta sayar, abin da ta ɗiba don gida. Wadda ba ta rubutu ta yi gwangwani biyu.

Inda zan ja ki da ƙarfi shi ne babin shuka iri. Ki duba abu uku. Wa ake cewa a ba kuɗin? In marubucin ne ko hidimarsa, har da lambar turo kuɗi a bangon baya, an gama magana. An yi alkawarin ninki, wai jaka goma za ta dawo ɗari? An ce a bayar ko da da bashi ne, don a nuna bangaskiya? Ɗaya daga cikin ukun ya isa a tsallake babin. A misalin mai shuka, Markus 4:14 ya faɗa ƙarara cewa irin Maganar Allah ce. 2 Korintiyawa 9, inda aka kwatanta bayarwa da shuka, gudunmawa ce ake tarawa don matalautan masu bi na Urushalima, kuma aya ta 7 ta hana tilas. Abin da ke faruwa in aka bar babin nan ba bayani sananne ne: mace ta kwashi adashinta ta shuka, girbin bai zo ba, zubi na jiranta, ga kunya ta hana ta faɗa.

Ma'aikaciyar Jinya, Ngaundere

Yaya, ni babin furuci nake so ki karanta da idon basira. Furta alheri yana da amfaninsa. Matar da aka daɗe ana ce mata ba za ta zama kome ba, ko gwauruwar da dangin miji suka kwashe mata kaya, jin cewa tana da daraja a gaban Allah kan tashe ta tsaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar tana farawa ne inda littafin ya ce kada ka ambaci ciwo da bakinka don kada ka tabbatar da shi. Mai hawan jini ba ya jin kome a jikinsa sau da yawa, sai ya furta waraka ya ajiye ƙwaya, abin da ke biyo baya shanyewar ɓarin jiki ne. Maganin tarin fuka wata shida ake sha. Mutum yakan ji sauƙi tun a watannin farko, in ya tsaya a nan ciwon na dawowa, wani lokaci ya ƙi jin maganin farko. Mai shan maganin ƙanjamau in ya daina, ƙwayar cutar na sake yawa a jini. Zazzaɓin cizon sauro a jikin ƙaramin yaro kuwa ba ya jiran a gama azumin kwana uku.

Sai kuma raunin da ba a gani. In koyarwar ita ce bakinka da bangaskiyarka ke jawo maka kome, to wadda ba ta haihu ba, ko wadda rikicin kan iyaka ya raba da ƙauyenta, ita ce mai laifi ke nan. A zumuntarku akwai irinsu, kuma shiru za su yi, sai dai ki ga sun daina zuwa. Ki nemi ko littafin ya taɓa ambaton Ayuba, ko ƙayar jikin Bulus da ya roƙa sau uku ba a cire ba a 2 Korintiyawa 12, ko makahon Yohanna 9 da Yesu ya ce ba zunubinsa ba ne, ba na iyayensa ba. Bulus ɗin nan ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, 2 Timoti 4:20. Littafin da ba shi da shafi ko ɗaya ga wanda ya yi addu'a bai samu ba, rabin mutanenki bai san da su ba.

Dattijo, Njamena

'Yata, kada ki hana. Abin da aka hana shi ake karantawa a ɓoye, ba mai gyara. Damuwar ma ba taku kaɗai ba ce; babban taron Lausanne, taron shugabannin Kirista masu bishara na duniya, da aka yi a Kef Tawun a 2010 ya yi magana a kan wannan koyarwa ta wadata, ya ƙi ta, ba tare da ya musanta cewa Allah na sa albarka ba.

Ki bar Laraba yadda take. Ki ware Asabar huɗu ko biyar, ki zaɓi babin da suka tsira daga gwajin Malam. Kowane zama awa ɗaya da rabi: minti ashirin a taƙaita babin, rabin awa a karanta surar da aka ciro ayar daga Littafi Mai Tsarki na Hausa da na Fillanci, sauran lokacin kowace ta faɗi abu ɗaya da za ta yi kafin mako mai zuwa. Ki nuna wa fastonku jerin tun kafin a fara.

Ki kula da mai fassara. Kalmar da Turawa ke amfani da ita don wadata, in aka ce mata arziki a ko'ina, an riga an karkatar da ma'ana, domin a wurare da yawa a Nassi lafiya da zaman salama ake nufi. Kada a fassara aya daga Turancin littafin kai tsaye. A buɗe namu a karanta.

Maman Zumunta, Garwa

Na gode Baba, na gode duka. Babin rubuta buri fa, tunda ayarsa ba ta zauna daidai ba, a jefar?

Malamin Baibul, Marwa

A'a Mama, a riƙe aikin, a sauya ayar. Ku ɗora shi kan Yakubu 4:13-15, inda aka ce wa 'yan kasuwa masu shirin tafiya su riƙa cewa in Ubangiji ya yarda. Kowace ta rubuta buri ɗaya tak, da kuɗin da zai ci, da watan da take so ta kai, misali keken ɗinki kafin Kirsimeti, sannan a raba kuɗin bisa makonnin da suka rage a ga ko zubin mako zai ɗauku. In bai ɗauku ba, a ƙara wata ko a nemi na hannu.