Funfuna ta cinye mana bango a Abadin, ga guguwa na tafe ranar Juma'a

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a ba ni shawara, kaina ya kulle. Wata takwas ke nan da zuwanmu Abadin, nan Sikotland. Maigidana na karatun digiri na biyu, yana kuma aikin dare. Da farko a wajen abokinsa muka sauka, mu huɗu a ɗaki ɗaya har sati shida, har matar gidan ta daina amsa gaisuwata. Shi ya sa da muka samu gida a unguwar Torry, hawa na biyu, ko bayan ƙofa ban leƙa ba muka sa hannu. Tsohon ginin dutse ne, tagar ɗakin yara na kallon teku. Tun shigowar Oktoba, duk ranar da aka haɗa ruwa da iska sai ruwa ya biyo ta ƙasan tagar. Bangon bayan wadirob ya yi baƙi ƙirin, atamfofina na lefe har sun fara wari, ƙaramar kuma tana tari da dare. Na gaya wa ejan, ya ce laifinmu ne. Yanzu Met Office, hukumar hasashen yanayi, ta sa gargaɗin guguwa mai launin ruwan goro ranar Juma'a. Ni dai ina ganin in hana kuɗin hayar watan nan. In aka ɗauke wuta kuma, ya zan yi da yara?

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Hajiya, matsala biyu kika haɗa. Ruwan taga daga waje yake, gyaran mai gidan hayar ne. Funfunar bayan wadirob kuwa yawanci daga ciki take: tururin girki, wanka da shanya ke sauka kan bango mai sanyi. Ki manna takardar foyil a bangon da salatif, kwana biyu. In samanta ya jiƙe, tururinku ne, in bayanta ne, bangon ke shan ruwa. Ki janye wadirob ɗin santimita 10 daga bango, ki sayi ma'aunin danshi, kada ya wuce kashi 60. Ɗaki ya tsaya a digiri 18. Wanki ɗaya da aka shanya a ɗaki yana sakin ruwa wajen lita biyu. A buɗe taga minti goma kowace safiya.

Maman Ilham: Injiniya, mitarmu ta kati ce, in na kunna hita yini guda kuɗin cefane ya tafi. Shanya kuma a ina zan yi? Sannan in buɗe taga a wannan sanyin yarinya na tari?

Anti Rabi: Ƙanwata, kada ki kuskura ki hana haya, bashi zai hau kanku, su samu hujjar korarku. Ta yaya kika gaya wa ejan, ta waya? To ba ki gaya masa ba. Ki aika imel da hotuna da kwanan wata. Dokar haya ta Sikotland ta wajabta gida ya tare iska da ruwa. In ya yi burus, akwai kotun gidaje, First-tier Tribunal, shigar da ƙara kyauta ne. Amma fa ejan-ejan ɗin nan sun raina mu. Da sun ji sunan baƙo sai su tura shi gidan da 'yan ƙasa suka ƙi, ranar tashi kuma su ce fenti ya ɓaci, su nemi cinye kuɗin ajiya.

Sadiya: Ki goge baƙin bangon da bilic kawai, minti biyar ya tafi.

Injiniya Bashir: Bilic fari kawai yake sa shi, in danshin na nan sati biyu ya dawo. Kuma kada a gauraya shi da binega, guba yake fitarwa. Na'urar tsotse danshi mai jan lita 12 a rana ita ce magani, ba ta kai hita cin wuta ba. Maganar Juma'a: ko tukunyar ɗumama gidan ta gas ce, ba ta tashi sai da lantarki. Ki cika filas da ruwan zafi, ki caja wayoyi, ki tanadi tocila. Firji na riƙe sanyi awa 4 in ba a buɗe ba, firiza cikakkiya awa 48. Lambar wayar da ake kira in an ɗauke wuta 105 ce. Mai yaro ƙasa da shekara biyar na iya shiga rajistar Priority Services Register, ta waɗanda ake ba fifikon taimako in an ɗauke wuta, kyauta. Guguwar Arwen a Nuwamban 2021 ta bar wasu ƙauyukan Aberdeenshire fiye da sati ba wuta, ko da yake cikin gari ba kasafai yake kai haka ba.

Maman Ilham: Ɗumi ba matsala, ina da gawayin turaren wuta da kasko. Ƙararrawar hayaƙin ma na rufe ta da safa don ta dame ni.

Injiniya Bashir: Subhanallahi. Cire safar nan yanzu. Gawayi a rufaffen ɗaki iskar kabon monoksaid yake fitarwa, ba launi ba wari, barci za ku yi ba tashi.

Maman Ilham: A Kano da shi muke jin ɗumi duk hunturu, ba abin da ya same mu. Kuma ai gidan na shan iska.

Anti Rabi: Ku bar gardamar. Tarin fa, likita ya gan ta? In ya tsananta da dare ki kira 111, layin neman taimakon lafiya. Ni a ganina ku ba da notis na kwana 28 ku tashi.

Injiniya Bashir: Su tashi su koma wani ginin dutsen da shanyarsu? Funfunar za ta bi su.

Maman Ilham: Tashi da wane kuɗi, Anti? Bari dai Baban Ilham ya farka mu yi magana.

Usman: Salam. Hajiya in kun tashi don Allah a sanar da ni, nawa ne hayar?